Tankar ruwa ko jirgin dakon mai? Mu tsayar da suna ɗaya

'Yan'uwa masu fassara da masu rubuta labarai, ina roƙon mu daidaita kan sunan manyan jiragen ruwan nan da ke ɗaukar ɗanyen mai, da na kamfanonin da suka mallake su. Wasu na rubuta "tankar ruwa", amma duk wanda ya ji haka, motar da ke raba ruwan sha ce za ta faɗo masa a rai. Ni "jirgin dakon mai" na zaɓa, domin kalmar dako ta faɗi ainihin sana'ar.

Ɗan dako ba shi ne mai kaya ba. Kamfani irin Teekay, wanda Torben Karlshoej ɗan Denmak ya kafa a 1973, ko Frontline na attajiri John Fredriksen, man da ke cikin jiragensu ba nasu ba ne, kuɗin ɗauka suke ci. Saboda haka kiran su "kamfanin mai" yana ɓatar da mai karatu. Mu ce kamfanin jiragen dakon mai.

Wani malami ya ce mini ai da can mai kayan shi ne mai jirgin. Gaskiyarka, Malam. Murex, jirgin dakon mai na farko da ya ratsa mashigin Suez na ƙasar Masar, ɗauke da kananzir a 1892, na Marcus Samuel ne, wanda kasuwancinsa ya zama Shell. Sai dai daga baya masu jirage masu zaman kansu, irin su Onassis na Girka, suka kama kaso mai tsoka. Da aka rufe Suez daga 1967 zuwa 1975, dole aka riƙa zagayowa ta kudancin Afirka, kuma doguwar tafiya ba ta riba sai da ƙaton jirgi. Irin wanda ake kira VLCC yakan ɗauki ganga wajen miliyan 2 a sahu ɗaya.

Inda na fi son mu tsaya shi ne kan haya. Muna da kalmar "shata", kuma ta wadatar. Idan ɗan kasuwa ya ɗauki jirgi don tafiya ɗaya, daga tashar lodi zuwa tashar saukewa, mai jirgi ne ke sayen man injin ya biya kuɗin tasha. Wannan ita ce shatar sahu. Idan kuwa na wata shida ne ko shekaru, ana biya kullum-kullum, man injin na kan wanda ya ɗauka, albashin matuƙa na kan mai jirgi. Mu kira ta shatar wa'adi. Idan jirgi ya daɗe a tasha fiye da yarjejeniya, abin da ake biyan mai shi mu kira shi kuɗin jinkiri.

Saura Suezmax, jirgi mafi girma da zai iya wuce Suez da cikakken lodi, ganga kusan miliyan 1. Na kawo "daidai-Suez". Wanda ke da wadda ta fi daɗin faɗa a rediyo, ya kawo mu gwada.