Motar da ba direba, ya ake gwada ta kafin a sake ta a titi?

Dan_KofarKaura:
Salam jama'a. Na ga bidiyon tasi na kamfanin Waymo a Amurka, ba kowa a sitiyari amma fasinja na baya yana danna waya abinsa. Direba dai sai an gwada shi kafin lasisi, to ita wa ke gwada ta?

Injiniya_Daura:
Wa'alaikas salam. Hawa-hawa ne malam. A kwamfuta ake fara tuƙa ta, a zana mata titi a sa yaro ya ɓullo da gudu daga bayan tirela, a sake da dare, a sake cikin ruwan sama, haka dai ba iyaka. Sai filin gwaji da aka killace ana turo mata mutum-mutumi, sannan titin gaske da mutum a zaune cikin shirin ko-ta-kwana. Titi kaɗai ba ya isa, don cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta lissafa a 2016 cewa sai an yi mil miliyan 275 ba a rasa rai ko ɗaya ba kafin a ce ta kai direban ɗan adam.

Maman_Hanif:
Wannan mutumin ko-ta-kwana ɗin ne ban yarda da shi ba wlh. A 2018 motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata a jihar Arizona ta Amurka tana tura keke za ta tsallaka da dare, na'urar ta hango ta amma ta kasa tantancewa, yanzu ta ce mota ce anjima keke, mai gadin sitiyarin kuma tana kallon waya. Ka zaunar da mutum ba aikin yi ai dole hankali ya tafi.

Dan_KofarKaura:
To Injiniya a kawo ta nan ta bi hanyar Mai'adua ranar kasuwa mana, ga shanu ga raƙuma ga 'yan acaɓa suna shigowa hannun da ba nasu ba 😂

Injiniya_Daura:
Ai ba za ta ma tashi ba ɗan'uwa. Kowace ana yanka mata iyaka, unguwa kaza, gudu kaza, yanayi kaza, kuma shaidar gwajin a nan ta tsaya. Wadda ta ci gwaji a birnin Phoenix na Amurka ba ta ci a Katsina ba. Ƙurar hunturu ma tana rikita na'urar lidar mai auna tazara da haske, ga tituna ba fenti, ga ɗan napep da hannu yake sigina. Sai an tattara hotunan titunanmu an sake gwajin daga farko.

Maman_Hanif:
A fara cike ramukan tukunna Injiniya.