Yini Guda a Gaɓar Amalfi: Musayar Baitoci

Autan Inna:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina zaune a Napoli, kudancin Italiya, ina ɗinki. Bana Allah ya nufa Inna ta zo ta gan ni. Gwiwa ta hana ta hawa bas da tsayuwa a layi, sai na ɗauki shatar mota da direbanta yini guda, muka zaga ƙauyukan gaɓar Amalfi. Ga abin da ya fito, ƙwar biyu, amsa-amonsa "wa". Mai amsawa bismillah.

Da sunan Allah mai tudu da gangare,
Mai dutse, mai teku, mai rayawa.

Salati ga Manzo, sai in ba ku labari
Na yini guda da ba na mantawa.

Inna ta zo Napoli ganin autanta,
Shekara tara rabonmu da haɗuwa.

Gwiwa ta ce ba ta bas, ba ta jirgin ruwa,
Ba ta layin da ake tsattsayawa.

Na ɗau shatar mota har da direbanta,
Bakwai na safe ga shi yana ƙwanƙwasawa.

Muka bar Vesuvio, dutse mai aman wuta, a hagunmu,
Shi ne ya binne garin Pompei ba tausayawa.

Da muka gangaro tudun Sorrento sai ga shi,
Bahar Rum, kamar turkuɗi sabon rinawa.

Inna ta ce, "Wa ya zuba baba a ruwan nan?"
Direba bai ji Hausa ba, yana murmusawa.

Positano gari ne da aka rataye a dutse,
Kamar kwallayen amarya ranar jerawa.

Lungunansu duk matakala ne zuwa yashi,
Mai ciwon gwiwa ba shi da wajen takawa.

Direba ya san wani sarari a saman gari,
Ya faka, ya buɗe mata ƙofar fitowa.

Ta daɗe shiru tana duban rufin gidaje,
Ta ce, "Maginan nan ba sa gajiyawa."

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni da ƙwar huɗu na saba, ka yi haƙuri da ni.

Ɗana, Allah shi maka albarka,
Ka hutar da wadda ta goya ka,
Amma ni tambayata gare ka,
Ba ta teku ba ce, ta hanya.

Na yi talatin a kan sitiyari,
Hawan Kibo na sha shi da hadari,
Na san birki, na san haɗari,
Na san mota in ta ƙi giya.

Ka yabi dutse, ka yabi ruwa,
Ka bar mai tuƙi ba yabawa,
Shin mota biyu na giftawa,
Ko sai ɗaya ta ja da baya?

Autan Inna:

Baba, gaskiyarka. Titin lambarsa SS163, tsawonsa kusan kilomita 50, a ƙarni na 19 aka sassaƙa shi. Cunkoso ya sa a lokacin baƙi hukuma ke raba ranaku bisa lambar mota, mai ƙarewa da mara yau, mai ƙarewa da cika gobe. Tasi da bas da motocin shata masu lasisi ba sa cikin dokar. Wannan ma na cikin abin da ya sa ban karɓi motar haya na tuƙa da kaina ba.

Baba, na karɓi gyara, ga haƙƙinsa,
Mai tuƙi ya cancanci ambatawa.

An yanki titin a haƙarƙarin dutse,
Dama rami da ruwa, hagu ba matsawa.

Kwana na bin kwana kamar sawun maciji,
Ba ka gama ɗaya sai wata na ɓullowa.

An kafa madubi a bakin kwanonin,
Shi ke nuna maka abin da ke tahowa.

Bas in ta doso sai ta danna oda,
Shi ko ya lafe, ya bar ta tana wucewa.

Sau biyu ya naɗe madubin gefensa,
Tazarar tafin hannu ce a giftawa.

Inna na ta jan carbi a bayansa,
Ya hango ta, sai ya rage takawa.

Tsohon Direba:

Wanda ya rage don tsohuwa a mota,
Ba a ce masa ba, don dai ya gan ta,
Ka kai masa gaisuwata, ka nanata,
Mun yi tarayya a tarbiyya.

Malamar Tarihi:

Ƙanena, kun wuce Positano, to ni a Amalfi nake jiranku. Garin ya tsaya da ƙafarsa a shekarar 839, ya yi tashe a fataucin teku har mutanen Pisa suka far masa a 1135 da 1137, sannan ambaliyar teku ta 1343 ta cinye tashar jiragensa.

Ƙanena, Amalfi yau ƙanƙane ne,
Amma a da sunansa babba ne,
Fatakensa a Masar sanannu ne,
Su kai katako, su ɗauko zinari.

Zinarin nan daga kudu ya taso,
Ayarin raƙuma Sahara suka ratso,
Daga Bambuk da Bure suka kwaso,
Ya zama kuɗinsu mai suna tari.

Rubu'in dinari ne asalinsa,
Kamar Larabci rubutun jikinsa,
Kirista ya buga, ya bar kamanninsa,
Don kasuwa ta san shi tun fari.

Takarda ma a wajen Larabawa
Suka koya, tsumma ake dakawa,
Ruwan kwari ke juya abin bugawa,
A tsame, a shanya ta a sarari.

Shin ka hau gefen majami'arsu,
Ka ga bakan gizo a gininsu,
Salon Larabawa maƙwabtansu,
Ko kun tsaya ƙasa a dandalin gari?

Autan Inna:

Yaya, matakala 62 ce kafin a kai ƙofar majami'ar. Inna ta zauna a dandali da kofin ruwan lemon tsami mai ƙanƙara, ni na hau. Farfajiyar da kike nufi an gina ta tsakanin 1266 da 1268 don binne manyan gari.

Na hau, Yaya, na ƙirga har ƙarshe,
Numfashina sai da ya nemi tsayawa.

Ginshiƙai farare bibbiyu a jere,
Bakan gizo na shiga juna yana saƙawa.

Da ba a gaya min inda nake ba,
Sai in ce masallaci ne, in nemi durƙusawa.

Na leƙa gidan takarda a cikin kwari,
Har yau da hannu ake tsamowa.

Na sayi fallaye goma don Kawu,
Mai rubutun Alƙur'ani da zayyanawa.

Malamar Tarihi:

Madalla da wannan tsaraba. Ka gaya wa Kawu ba baƙuwa ka kai masa ba. Malamanmu na ƙarni na 19 sun yi rubutu da yawa a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewa maso gabashin ƙasar, ta biyo ta Tarabulus da Masar har Kano da Borno. In yana da tsohon littafi, ya ɗaga falle ɗaya a rana ya duba.

'Yar Agadas:

Na karanta duka, na so in yi shiru, na kasa. A ranar 3 ga Oktoba 2013 kaɗai, sama da mutum 360 masu neman tsallakawa Turai ta wannan teku suka nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya. Su an ƙirga su. Namu ba a ƙirga shi ba.

Kun ce ruwan nan kamar sabon turkuɗi,
Ni ban taɓa ganinsa da wannan ido ba.

Ƙanena ya hau Hilux a Agadas,
Da jarka biyu, bai yi wa kowa sallama ba.

Ya kira daga Sabha, ya kira daga Zuwara,
Ya ce gobe, goben ba ta zo ba.

Babu kabarin da za mu je mu tsaya,
Ba mu yi wanka ba, ba mu yi sutura ba.

Ba na hana ka murna da mahaifiyarka,
Hassada ba ta kawo ni zauren nan ba.

Tambaya ɗaya: da kuka tsaya kuna kallo,
Ruwan bai faɗa muku sunan kowa ba?

Autan Inna:

Yaya, na ajiye amsa-amona na ɗauki naki. Abin da zan faɗa a hanyar Ravello ya faru, ƙauyen da ke sama da teku da kusan mita 350. Ban yi niyyar sa shi a waƙa ba sai da kika tambaya.

Yaya, Allah ya jiƙan ƙanenmu,
Ban kai ƙarshen baitinki ido a bushe ba.

Ni ma ta ruwan nan na shigo Italiya,
A kwalekwalen roba, ban zo ta sama ba.

Takarda ce ta riƙe ni shekara tara,
Ba ƙin gida ne ya raba ni da Inna ba.

Da muka hau can inda teku ke shimfiɗe,
Ta yi min tambayar da ban zata ba.

Ta ce, "Auta, ta nan ka biyo?" Na ce, "Kudu ne,
Da nisa, amma ruwan bai bambanta ba."

Ta ce a tsaya, a nemo mata alƙibla,
Na duba a waya, ban ce komai ba.

Ta shimfiɗa mayafi a gefen hanya,
Ta roƙa wa waɗanda ba su iso ba.

Direba ya kashe mota, ya cire hula,
Ya koma gefe, bai ce mu hanzarta ba.

Ba ta san sunan ƙanenki ba, Yaya,
Amma ta ce "dukansu", ba ta ware kowa ba.

'Yar Agadas:

Zan karanta wa tamu tsohuwar da dare,
Rabon da a ambace shi ba mu ƙirga ba.

Ka ce wa Inna 'yarta a Agadas ta gode,
Ko da ba mu taɓa ganin juna ba.

Tsohon Direba:

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri 'yata. Ɗana, mota ba ta kwana a tudu, ka sauko mana da ita gida.

Autan Inna:

Amin Baba. Ga sauran hanyar.

Muka sauko ta gonakin lemon tsami,
Hawa-hawa a dutse, da rumfunan ratayawa.

Mun ga ɗan dako da kwando a bayansa,
Matakala ɗai-ɗai yake saukowa.

Inna ta sa a tsaya ta sayi guda biyar,
Kowanne ya cika tafinta, ba ya rufuwa.

A Cetara, ƙauyen masunta, muka ci kifi,
Ƙanana ne, da gishiri ake adanawa.

Vietri ta yi mana sallama da tukwanenta,
Tangaran mai zane, ga shi nan a bajewa.

Daga nan babban titi ya miƙe har Napoli,
Inna ta yi barci, kai na jinginawa.

An yi magariba muka iso ƙofar gida,
Ta sa wa direba albarka, ina fassarawa.

Da dare ta yanka ɗaya ta cire 'ya'yan,
Ta shanya a faranti suna bushewa.

Ta ƙulle su a bakin zani don Katsina,
Ta ce bayan rijiya za ta yi shukawa.