Gara ba 'yar gidanmu ba ce, musayar baiti kan tururuwa

Ɗan Alƙalami:
Salam jama'a. Jiya na kwana karanta yadda masana ke rarraba tururuwa, barci yaƙi zuwa sai baiti yazo. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa" don Allah.

Na ɗau alƙalami zan waƙe 'yar ƙasa,
Mai siririn ƙugu, sunanta tururuwa.
Jinsi dubu 14 an raɗa musu suna,
Saura na daji ba a kai ga ganowa.
Formicidae ne gidan da ya tara su,
Ƙudan zuma da zanzaro ne 'yan'uwa.

Gwanin Baiti:
Ka cika mana kunne da lamba ɗan'uwa,
Waƙa muke so ba allon lissafawa.
Ka bar kiyashi ka tsallake cinnaka,
Ka manta gara mai suri, babbar uwa.

Ɗan Alƙalami:
Hhh Allah ya kawo ka Yaya, dama kai nake jira.

Ashe gwanin namu bai san gida ba,
Ya jawo baƙuwa yana ce mata 'yar'uwa.
Gara dangin kyankyaso ce je ka tambaya,
Ba ta da ƙugu, jiki ɗaya har ƙarewa.
Eriyar tururuwa gwiwa gare ta,
Ta gara a miƙe take ba lanƙwasawa.

Gimbiyar Alƙalami:
Kai kai kai! Wlh an gama da Gwani tun a zagayen farko, a kawo mishi ruwa ya sha. Dama mu mun san inda ilimi yake.

Malam Mai Aruli:
Ku yi haƙuri in shigo. Ɗan Alƙalami ilimin ka mun yarda amma ɗangon ka na 3 a baitocin farko ɗingishi yake, in ka karanta lambar da baki "dubu goma sha huɗu" kenan, ɗangon ya zarce abokan tafiyar sa nesa ba kusa ba. Sannan wannan Formicidae ɗin a wace ƙafa zamu ɗora shi, ni dai na gwada Mutaƙarab na gwada Ramal duk yaƙi zama.

Gimbiyar Alƙalami:
Malam da girman ka amma ai na Gwani ma ba a kan kari yake ba baka ce komai ba, ko don ɗalibin ka ne?

Malam Mai Aruli:
Malama ni ba ni da ɗalibi a nan, kari kari ne. Shi ma ya saɓa, ya sa "wa" a ɗango na farko alhali ƙwar biyu ake yi, amma laifin sa bai kai na mai cusa Latin cikin waƙar Hausa ba.

Gwanin Baiti:
Ku bar Malam, ni zan rama da kaina. Na je na bincika nima.

Masanan da kake taƙama da su ƙanena,
Su ma suna gini suna rushewa.
Gara tana da gidanta Isoptera,
Sai 2007 aka kai ta gun kyankyaso da tarewa.
Mai jerin gwano da ke kai wa gara hari,
Jiya Pachycondyla, yau Megaponera, gobe wa?
Tun 1758 masani Linnaeus ya fara da jinsi 17,
Har yau ba ku gama ƙirga ba kuna ta fafutukar ƙarawa.

Malam Mai Aruli:
Innalillahi. Wannan ɗangon na ƙarshe ai jirgin ƙasa ne. Na janye kariyar da nayi maka.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Afuwan yanzu na samu caji, ni amsar baitin farko na rubuta tun safe kar ta tafi a banza.

Ba ku ambaci kwarkwasa ba sarkin yaƙi,
Dorylus ake ce mata gun rubutawa.
Ma'aikatan ta makafi ne ba ido,
Miliyoyi ke tafe, ƙamshi ke jagorantawa.
Gwano kuwa ba ya yar da ɗan'uwa a fage,
Ɗauko shi yake gida ya lashe ciwon don warkewa.

Wannan na gwanon ba ƙirƙira nayi ba, a gandun dajin Comoé na Kwaddibuwa aka yi binciken, wanda gara ta cire wa ƙafa ɗaukar sa suke su kai gida.

Ɗan Alƙalami:
Auta Allah ya ƙara basira. Yaya Gwani dawo nan.

Sauya suna ai alamar ana dubawa ne,
Da da ido ake yi, yau DNA ke tantancewa.
Masani Barry Bolton ya tattara kundin tururuwa a 1995,
Kai ko baiti huɗu ka kasa daidaitawa.
Gwano dai ba ya jin warin jikin sa,
Shi ya sa kake ganin kana burgewa.

Gwanin Baiti:
Cinnaka baka san na gida ba, ni na koya ma riƙe alƙalami fa.

Ka yi fiffike yaro ka bi a hankali,
Tururuwa mai fiffike ta kusa lalacewa.

Gimbiyar Alƙalami:
Toh nan kam ni zan amsa, Ɗan Alƙalami huta.

Mai fiffiken nan tashin aure suka fito,
Sarauniya ta sauka, fiffike take karyewa.
Ta haƙa rami ta kafa sabon gari,
Namijin ne kwana kaɗan ke macewa.
Ma'aikata da sojoji duka mata ne,
To Gwani kai wane aiki kake tsinanawa?

Ɗan Autan Mawaƙa:
Hhhh Yaya Gwani ya sauka daga layi, koren digon sa ya ɓace.

Malam Mai Aruli:
Malama "karyewa" kika ce, ai ita ke karya shi da kanta, "karyawa" ya kamata. Ki gyara kafin ya dawo ya kama ki da shi.