Na raba takardun tambayoyi kan shaye-shaye, duk aji ya zama waliyyai

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandaren je-ka-ka-dawo ta maza a Kano, ina kuma rubuta firojet kan shaye-shaye tsakanin ɗalibai. Na raba wa 'yan aji biyar takardar tambayoyi, da na tattara sai na ga kowa ya zaɓi "ban taɓa ba". Ko sigari! Alhali da hannuna na sha tsintar fankon tiramol da kwalaben maganin tari a bayan banɗaki. A ina na kuskure?

Malam Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Malama, ke kika raba, kika tsaya a kansu, kuma kin san rubutun kowa. Wane yaro zai tona wa kansa asiri gaban mai ba shi maki? Samo baƙo ya raba, malamai su fice. Ban da suna, kowa ya ninke tasa ya jefa cikin kwali. Ki fara neman izinin shugaban makaranta da iyaye.

Ɗan Fagge:
Anti, da Turanci kika rubuta ko? Yaro bai san sunan littafi ba. Ki ce wiwi, sholisho, roci, zaƙami, gadagi. Shisha ma ki ware mata layinta, don da yawansu ba sa lissafa ta cikin kayan maye. Kuma waɗanda abin ya fi kamawa ba sa aji ranar, suna bayan katanga.

Sista Binta:
'Yar'uwa, ki raba tambayar uku: ka taɓa sha, ka sha a shekarar nan, ka sha cikin kwana 30. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya daban, wanda ya kamu daban. Ki tambayi ko abokinsa yana sha, ko wani a gida, ko yana yin acaba ko leburanci bayan an tashi, don wasu saboda ƙarfin aiki suke fara tiramol. A binciken ɗaliban Turai na ESPAD har sunan ƙwayar da babu ita sun taɓa sakawa, Relevin, don kama masu cika baki. Binciken UNODC (ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka) da Hukumar Ƙididdiga na 2018 ya samu kashi 14.4 cikin ɗari na mutane sun yi shaye-shayen miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda a Najeriya, amma na 'yan shekara 15 zuwa 64 ne, kada ki auna yaranki da shi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Baba Malam, ka kama ni, har lambar rajista na sa suka rubuta a saman takardar. Zan sake bayan hutun rabin zango.