Jar Riga da Zanen Fensir: Musayar Baitoci kan Waƙoƙin Shekarun 1980

Ɗan Fagge:

Salamu alaikum. Jiya ina kwashe tarkace a ɗakin tsohuwa na ci karo da wani kaset ɗin bidiyo, an rubuta "Disko 85" a gefensa, kuma rubutun hannuna ne. Ba ni da na'urar da zan saka shi, amma ya hana ni barci. Mai amsawa ya amsa da baiti.

Na buɗe akwatin tsohuwa da maraice,
Sai ga baƙin kaset da ƙurar duniya.

Na hure shi, 1983 ta dawo,
Ga Michael Jackson tafe shi ɗaya a kan hanya.

Billie Jean ce, duk inda ya taka ya haska,
Kai ka ce fitila ce a ƙasa ta ɓuya.

Muka je gida muka tattake daɓen soro,
Ba haske, sai ƙura da zagin Iya.

Sai ga Thriller, an ce waƙa za a saka,
Ashe fim ne, kusan minti 14, ba ƙarya.

Jar riga, farin wata, ga kaburbura sun buɗe,
Matattu sun tashi suna rawa sahu ɗaya.

Ƙanena ya shige ƙarƙashin kujera,
Ni na dake, amma cikina na juya.

Daren nan fitsari ya matse ni na riƙe,
Don bayan gidanmu na can gindin tsamiya.

Wa zai amsa? Ku zo mu tuna da zamani,
Kafin furfura ta cinye mana ƙeya.

Hajiya Ta-Kakuri:

Wa alaikumus salam. Ashe ƙanen nawa matsoraci ne. To bari in tona asirin mazan lokacin.

Kun ɗage wando, kun sa safa,
Fara tas, kuna ta jan ƙafa,
Kuna ja da baya kuna zufa,
Ma'anar waƙar ba ku sani ba.

Billie Jean ai rigima ce da mace,
Ta zo da goyo, ga abin da ta ce:
Ɗan nan naka ne. Shi ko ya goce,
Ya dage shi bai san zancen ba.

Da nan ne, da sai gaban alƙali,
A kawo shaida, a bi dalili,
Ku ko a biki, don rashin hankali,
Kun sa wa amarya, ba ku ji kunya ba.

Ni gwanata Sade, jinin Najeriya,
A Ibadan aka yanke mata cibiya,
A Ingila ta girma, ta yi murya
Mai sanyin da randa ba ta kai ba.

Gashi a tufke, ga jan-baki,
Manyan 'yan kunne, ba wani ɗoki,
A 1984 ta yi aiki,
Smooth Operator bai tsufa ba.

Malam Mai Eriya:

Ni shekara talatin na yi ina gyaran rediyo da rikoda, duk waƙoƙin nan ta kunne suka fara shigo mini. Ku yi haƙuri, zan zuba muku ƙasa a tuwo.

Yara, ku matso, ni tsohon kunne ne,
Waƙa da kunne nake auna nauyinta.

Ran 1 ga Agusta, 1981,
Tashar talabijin ta MTV ta buɗe a Amurka da shirinta.

Waƙar fari da ta sa ta Buggles ce,
Ta'aziyyar tauraron rediyo ce ma'anarta.

Tun ran nan mai murya in ba shi da fuska,
Kasuwa ta juya ta bar shi a bayanta.

Ku ɗauki Hello ta Lionel Richie,
Na shekara biyu ina ƙwalla dominta.

Na zana yarinya a raina ni kaɗai,
Na sa mata suna, na san har unguwarta.

Ranar da na ga hoton sai na yi tagumi,
Malami ne ke bin ɗaliba a makaranta.

Makauniya ce, yana laɓe yana leƙe,
Har da dare ya buga mata waya a ɗakinta.

Ta mulmula kansa da yumɓu wai don ƙauna,
Haɓa kamar turmi, ban ga kama ba a aikinta.

Suka ƙwace tawa yarinyar suka ba ni tasu,
Waƙar na nan, amma daɗin ya bar ta.

Auta 99:

Iyayena, a gafarce ni, ɗan 1999 zai sa baki.

Baba Malam, na leƙa na ga zamaninku,
Gashi ya yi tozo, mai na ɗiga a wuyanku,
Kafaɗar kwat ta fi faɗin ƙofar gidanku,
Hayaƙi ko'ina, wa ya ƙona girkinku?
Kullum faɗa kuke mana kan rawa a waya,
Ashe barewa ce ta yi gudu, mu ne 'ya'yanku.

Badamagare:

Auta, ka iya bakinka, man gashin nan da kuɗinmu muka saya. Ni da bawana Bakano zan fara.

Bakano ya ga fatalwa ya ji tsoro,
Ya riƙe fitsari ya kwan a soro,
Da Damagaram ne, ko ɗan yaro
Zai raka ka baya, ya ba ka goro,
Matso, bawana, ka ji labarina.

1984 ta zo da fari,
Gero ya bushe tun bai yi ƙwari,
Shanu na faɗuwa, tukunya ba gari,
Iyaka a rufe, tiya ta yi tsauri,
Ina sha huɗu, da yunwa nake kwana.

Can Los Anjalas, a dare ɗaya,
Janairun 1985, ba hayaniya,
Mawaƙa sama da 40 suka haɗa murya,
Don mutanen Habasha da yunwa ta karya,
We Are the World suka sa mata suna.

Ba jar riga, takarda ce a hannu,
Kowa ya karɓi layinsa sannu-sannu,
Ray Charles da Stevie, makafi masu idanu,
Springsteen na gurnani kamar bijimin shanu,
Quincy Jones a gaba yana nuna.

A talabijin ɗin unguwa na gan ta,
Mun cika tsakar gida muna kallonta,
Wani tsoho ya ce, me ke cikinta?
Aka ce, yunwar Afirka suke koka ta,
Ya ce, muryar ta iso, ina buhuna?

Ban ce ba su kyauta ba, sun kyauta,
Dala miliyan 60 da ɗoriya aka samu dominta,
Amma ni duk sanda kunnena ya ji ta,
Sai in ga Inna ta tura mana akushinta,
Tana cewa, na ƙoshi, ku ci, 'ya'yana.

Hajiya Ta-Kakuri:

Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna makoma. Badamagare, ka sa na ajiye ludayi na zauna. Uwayen wancan lokacin duk haka suka yi ta yi mana ƙaryar ƙoshi.

Malam, saura kai, kada ka ga na yi shiru ka ɗauka ka ci gari.

Malam, kan yumɓun nan ka yi gaskiya,
Ni ma da na gan shi na yi dariya,
Amma kunne ba ya ganin tafiya,
Rediyonka bai nuna rawar ja-da-baya ba.

Jeffrey Daniel ya yi ta a Ingila,
A 1982, ba wahala,
Michael ya ɗauka ya kunna mata fitila,
Da ba hoto, da ba mu san ta ba.

Kafin Billie Jean, tashar da ka ambata,
Ba kasafai take nuna baƙar fata,
Waƙar ce ta sa kafaɗa ta tura ta,
Whitney Houston ta zo, ba ta tarar da ƙofa a kulle ba.

Ga Tina Turner, zakanya mai gashi,
Ta bar auren duka, ta fita da bashi,
Tana 44 tauraronta ya sake tashi,
Kunnenka bai ga takunta a New York ba.

Malam Mai Eriya:

Hajiya, kan Tina na cire hula,
Wannan taku ko makaho ya ji shi.

Amma kaset ɗin ji ba ya jiran lantarki,
Batir in ya yi sanyi, a rana ake shanya shi.

Zare in ya tsinke, jan-farce ya ɗinke,
A zura biro a huda, a juya a naɗe shi.

Naku na kallo, in kan bidiyo ya yi datti,
Sai yayyafi a gilashi, kowa ya tashi.

Ɗan Fagge:

Badamagare, yau na bar ka, ba na ramuwa a kan hawaye. Bashi ne, zan karɓa. Malam ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, don ban gaya muku ainihin abin da ya hana ni barci ba.

Malam, kaset ɗin nan akwai miki cikinsa,
Waƙa ta ƙarshe ce ta zame mini ƙaya.

Ban san sunanta ba, ban san masu yin ta ba,
Na dai san zanen fensir ne da wata yarinya.

Tana gidan shayi da littafin zane,
Saurayin cikin shafi ya kashe mata ido ɗaya.

Hannu ya fito daga takarda ya yafuto ta,
Ya ja ta ciki, ta zama zane, ta bar tamu duniya.

Ga wasu ƙarti biyu, da sifana a hannu,
Sun biyo su, ya yaga bango ya yi mata hanya.

Daidai nan hoton ya yi rawa ya ɗauke,
Sai ga masu algaita da ayarin amarya.

Wana ne ya sa aka naɗi bikinsa a kai,
Ya goge ƙarshen, ko a jikinsa, Yaya!

Shekara 40 ina tambayar kaina,
Ya tsira, ko sun kashe shi a kan soyayya?

Auta 99:

Kawu, kwantar da hankali, na san wannan zane,
Take On Me ce ta a-ha, su uku 'yan Norwe ne.

A 1985 Steve Barron ya ɗauke ta,
Shi ya ɗauki Billie Jean ɗinku, mutum ɗaya ne.

Hoto kusan 3,000 aka bi da fensir,
Mako 16 da hannu, ba aikin kwamfuta ba ne.

Ta faɗo gefen kwandon shara, ta ɗau littafin,
Ta ruga gida da shi ko da a yamutse ne.

Ta gan shi kwance, ta yi ƙwalla, sai ya motsa,
Ya dinga dukan bango, rabi mutum rabi zane.

Har ya fito da jini da tsoka yana zufa,
Ya tsira, Kawu, ƙarshen na daɗi ne.

Ɗan Fagge:

Alhamdu lillahi! Auta, Allah ya yi maka albarka, na yafe maka zancen kafaɗar kwat.

Hajiya Ta-Kakuri:

Ƙanena, kada ka yi saurin yanka rago. Auta bai kalli The Sun Always Shines on T.V. ba, wadda suka fitar bayan wannan.

Auta, ɗana, ka tsaya a rabi,
Akwai ta biyu, je ka ka bi,
A farkonta, a daji, abin al'ajabi,
Jikin mutum bai zauna masa ba.

Ya koma zane tana kallo,
Ya ruga duhu, ya bar ta da ƙullo,
Aka rubuta ƙarshe a kan allo,
Ba a ɗaura wannan auren ba.

Badamagare:

Bakano ya yi hamdala da wuri,
Ya sayi goro, ya tara gari,
Ango ya koma takarda da sauri,
Sai a mai da lefe, a yi haƙuri,
Allah ya ba ka wani surukin, bawana.

Ɗan Fagge:

Hajiya, ke da Yaya ban san wa ya fi cuta ta ba. Shi ya goge, ke kin ƙara. Duk da haka ina son in gani da idona, a kan kaset ɗina, har inda algaita ta shigo. Malam, akwai sauran bidiyo mai rai a shagonka?

Malam Mai Eriya:

Akwai ɗaya a ƙarƙashin benci, bel ɗinsa na canza bara, kan ne kawai ke son wanki. Ka zo gobe bayan la'asar da auduga da sifirit. Kada ka hura kaset ɗin da baki kuma, danshi ke sa masa fumfuna.