Yaro yana rera littafin Turanci amma bai gane kalma ba: a fara masa da Hausa?

Uwar Ɗalibi:
Assalamu alaikum malamai. Yaro ne ɗan shekara 7 a aji biyu na firamare. Hausa ake yi masa a gida, makaranta kuma Turanci zalla. Yana rera shafi guda ba gargada, amma in aka ɗora yatsa kan kalma ɗaya a tsakiyar layi sai ya yi tsit. In aka fara koya masa karatun Hausa a gida, ba zai rikice ba? Kuma wane irin labari ya dace a rubuta masa?

Malamar Aji Biyu:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Wannan hadda ce, bai fara karatu ba tukuna. Ki gwada: rufe hoton, ki nuna masa kalmomin daga ƙarshen shafi zuwa farko.

Ba zai rikice ba. Gane cewa harafi sauti yake ɗauke da shi, sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro yake ji. Rubutun Hausa kusan yadda aka furta haka ake rubutawa. A Turanci kuwa harafin a kaɗai yana da sauti fiye da uku.

Minti 15 kullum sun isa. A fara da wasula a, i, u, sai baƙaƙe irin su k, m, n, s, biyu ko uku a mako. Sautin harafi za a koya masa, ba sunansa ba. Daga nan gaɓa: ka, ki, ku, ma, mi, mu. Nan da nan zai haɗa kaka, nama, kuka, sama. Masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) a jinkirta su, in lokacinsu ya zo a kawo su bibbiyu: doki da ɗoki, kafa da ƙafa. Sh, ts, kw, gy kuma a koyar da kowanne a matsayin sauti ɗaya, in ba haka ba zai riƙa tsinka kalma gida biyu.

Inda ake tuntuɓe: ba ma rubuta tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Don haka kada a daɗe kan kalmomi tsirara, a sa su cikin jimla. Sannan harafin c na Hausa ba shi ne na Turanci ba. A gaya masa ƙarara, a kuma raba lokacin darasin Hausa da na Turanci.

Mai Rubuta wa Yara:
Littafi iri biyu yake buƙata, kuma ana yawan cakuɗa su. Wanda za a karanta masa yana iya zama mai tsawo, da sababbin kalmomi, don kunne ya riga ido nisa. Wanda zai karanta da kansa kuwa, haruffan da aka riga aka koya masa kaɗai za su shiga. Shafi 6 zuwa 8, jimla ɗaya a kowane shafi, kalma 4 zuwa 6, rubutu manya-manya. A maimaita jimla ana sauya kalma ɗaya. Hoton kada ya tona komai, in ba haka ba hoton zai karanta.

Ko a wannan ƙanƙantar, sai da labari: wani yana son abu, wani abu ya tare shi, ya gwada ya kasa, ya sake dabara. Manya sun fi lalata labarin yara da wa'azi. Yaro yana jin ƙamshin nasiha sai ya ajiye littafin. A kuma kula da rabon kalma: "yana" a haɗe, "shi ne" a rabe, domin abin da ido ya saba gani shi hannu zai rubuta. Manhajar Bloom ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL kyauta ce, an yi ta don irin waɗannan ƙananan littattafai, shafin African Storybook ma yana da labarai da Hausa.

Malam Mai Horar da Malamai:
Malama ta yi gaskiya, sai dai akwai ƙari. Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a koyar da harshen gida a farkon firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su koma baya a Turanci ba. Amma su an koya musu Turancin a matsayin darasi na musamman. Iya haɗa haruffa yana ƙaura zuwa wani harshe, ma'anar kalmomi ba ta ƙaura. Saboda haka Hajiya, a riƙa ba shi Turancin baka: sunayen abubuwa, gajerun umarni, kalma biyar ko shida a mako.

Duk ƙarshen mako a ba shi sabon rubutu, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya, a yi masa tambaya biyu kan labarin. In adadin ya tsaya cak mako uku, a koma kan gaɓoɓi. In kuma ya nace sai littafi ɗaya zai yi ta maimaitawa, a ƙyale shi, da haka saurin karatu yake zuwa.