Na gaji da katako: da me zan shimfiɗa dandamalin bayan gida?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka min. Muna da dandamalin katako a bayan gida, a ɗage yake daga ƙasa kamar mita ɗaya da rabi, ta ƙofar falo ake fitowa kansa. Duk shekara sai an goge shi da samfefa an shafa mai, amma hakan bai hana falankan tsagewa ba. Yanzu wasu sun fara ruɓewa a inda ƙusa ta shiga, ga sartse ya addabi ƙafafun yara. Maigidan ya ce a sake sayo katako, ni kuwa ina son abin da in an shimfiɗa shi sai dai shara da wanki. Wurin yana shan rana tun hantsi har la'asar, yaran kuma ba sa zama da takalmi. Na ji ana maganar kwamfosit da PVC da alminiyam, ban san bambancinsu ba. Wanne ya fi? Kuma za a iya ɗora shi a kan firam ɗin da muke da shi, wato sanduna da ginshiƙan da ke ɗauke da falankan?

Malam Kafinta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kwamfosit garin katako ne ake haɗawa da narkakkiyar roba, a matse su su fito falanki. Ba ya son fenti, ba ya son mai, ba ya sartse, gara ma ba ta cika kula shi ba. Sai dai iri biyu ne, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai tsohon samfuri wanda ba shi da rufi, garin katakon yana a fili. Wannan yana shan danshi, yana yin fumfuna, launinsa yana koɗewa, in maiƙo ya zuba ya zauna ke nan. Akwai kuma mai rufi, wanda aka lulluɓe da ɓawon roba mai tauri. Shi za ki nema. Ki ce a nuna miki bakin falankin inda aka yanka, za ki ga ɓawon da idonki kamar siririn layi a kewaye. Wani an rufe shi gefe uku, wani huɗu.

Kamfanoni irin su Trex da TimberTech da Fiberon suna ba da garantin shekara 25, wasu samfuran har 50. Amma ki karanta takardar, domin in ba a kafa shi yadda suka tsara ba, garantin ya tashi. Abin da na fi gani masu aiki suna ɓatawa shi ne tazara. Kwamfosit ya fi katako lanƙwasa, don haka sandunan kwance da ke ɗauke da shi kada su wuce santimita 40 tsakaninsu, in kuma a karkace za a jera falankan, 30. A bar kusan milimita 5 tsakanin falanki da falanki don ruwa ya wuce, a bar 'yar kafa a ƙarshensu ma, saboda yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi. In aka matse su, sai ki ga sun tasa ƙeya sama.

Injiniya:
Hajiya, ni tambayarki ta biyu ce ta tsaya min a rai. Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, amma falankin kwamfosit shimfiɗa ce kawai, ba ya ɗaukar nauyin gini. Abin da ke riƙe da ke da yaranki a sama shi ne firam, kuma ruwan da ya ruɓar da falankan ta ramin ƙusa ya bi, wato ya sauka kan sandunan da ke ƙasa. Kafin ki zaɓi komai, a shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba. A caccaki saman kowace sanda, da gindin ginshiƙai inda suka haɗu da ƙasa ko siminti. In bakin ƙarfen ya nutse ba tare da an danna sosai ba, ko katakon ya fito burtsi-burtsi, wannan sandar ta gama aiki.

Wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne katakon da aka manna dandamalin da shi a jikin bangon gida. Rushewar dandamali da yawa daga nan take farawa. Dole ya kasance da bol-bol aka ɗaure shi, ba ƙusa ba, kuma a samansa akwai ƙarfe ko roba mai kore ruwa. Ina roƙon ki kada ki yarda a ɗora shimfiɗar shekara 25 a kan firam ɗin da bai fi 'yan shekaru suka rage masa ba. In ya fito lafiya, a liƙa tef mai hana ruwa a saman sandunan kafin a shimfiɗa. Ki duba shingen kariya ma. A tsarin ginin gidaje da ake bi a yawancin Amurka, dandamalin da ya wuce santimita 76 daga ƙasa sai da shinge mai tsayin kusan santimita 91, kuma tsakanin sandunansa kada ya kai 10, don kan yaro kada ya shige. Ki tambayi abin da dokar inda kike ta ce.

Yaya Babba:
Ƙanwata, tunda kin ce yara ba sa sa takalmi, maganar zafi ce taki. Nawa PVC ne, roba zalla babu garin katako a ciki, ruwa ba ya yi masa komai, kuma bai kai kwamfosit nauyi ba. Amma da shi da kwamfosit ɗin duk suna ɗaukar zafi, musamman masu duhun launi. Kada hoton kasida ya ruɗe ki. Ki karɓo guntayen samfur kala-kala, ki ajiye su a kan dandamalin da azahar, bayan awa ɗaya ki taka kowanne da tafin ƙafa. Da kanki za ki koma wa mai haske. Sannan kada ki shimfiɗa masa tabarma mai gindin roba, tana bar masa tabo. "Ba ya son kulawa" ɗin nan ma da sauƙi-sauƙi: ganye in ya taru a tsakanin falankai sai an zaƙulo shi, a wanke da sabulu da burushi mai laushi.

Mai walda:
Ni dai alminiyam zan ce. Ba ya ruɓa, ba ya cin wuta, gara ba ta san da shi ba, kuma yana saurin huce zafi. Akwai wanda falankansa ke shiga cikin juna, ruwa ba ya ɗiga ƙasa, sai ƙarƙashin ya zama wurin ajiya a bushe. Aibinsa tsada, da ƙara in ana gudu a kai. In firam ɗin ya mutu, a yi sabo da ƙarfe mai rufin zinki a huta.

Wata 'yar uwa:
Me zai hana tayil? Na ga an yi wa wani dandamali da mai kaurin santimita 2, ya yi kyau ƙwarai, ba ya koɗewa.

Injiniya:
Yana da kyau 'yar uwa, amma tayil mai wannan kaurin yana kai kilo 45 ko fiye a kowace murabba'in mita. Firam ɗin da aka yi don katako ba a yi lissafin wannan nauyin da shi ba, kuma tayil ba ya yafe motsi, in ƙasansa ya ɗan lanƙwasa sai ya fashe. Sai da sabon firam da aka tsara dominsa. Maganar alminiyam kuma, akwai abin lura: maganin hana ruɓa da ake dafa katakon da zai zauna a fili da shi yanzu yana da jan ƙarfe a ciki, kuma yana cin alminiyam in katakon da alminiyam ɗin suna taɓa juna cikin danshi. A raba su da tef. Sukurori ma a sa na sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ko masu kaurin rufin zinki.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigidan, ya yarda a fara duba firam ɗin kafin a sayi komai. Raina ya fi kwanciya da kwamfosit mai rufi, mai hasken launi, in ya ci jarrabawar tafin ƙafa. Malam Kafinta, matakalar fa? Ita ce ta fi ba ni tsoro in an yi ruwa.

Malam Kafinta:
Ita ma za a iya yi mata da shi Hajiya, amma matakala ta fi ko'ina shan nauyi, don haka abin da ke tallafe da ita sai an matso da shi kusa, galibi santimita 30 ko ƙasa da haka, gwargwadon takardar kamfanin. Ki zaɓi falanki mai zanen da ƙafa ke kamawa, ba mai sulɓi ba. In samfuran sun zo, ki zuba musu ruwa ki sake takawa kafin ki yanke hukunci.